Kafin Ka Zuba Sabon Kifi da Ƙumbar Teku a Tankinka na Murjani

Wani bawan Allah daga Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina ya aiko da tambaya. Yana da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 300, wata huɗu ke nan da haɗa shi. A ciki akwai kifin kilaun guda biyu (ɗan kifin tekun nan mai fararen ratsi) da 'yan murjani masu taushi, wato halittun teku masu rai da ke manne a dutse, kuma komai na tafiya lafiya. Yanzu wani mai sayarwa a Legas ya turo masa hotuna: shuɗin kifin nan da ake kira tan, da ɗan jan kifi mai suna enjel, da wasu ƙanana biyu, sai ƙumbar teku irin maksima mai shuɗi kamar an rina ta. Mutumin ya ce zai haɗa su a kwali ɗaya ya ba direba a cikin watan Afrilun nan. Shi ne yake tambaya: idan sun iso, yaya zai zuba su ba tare da sun mutu ba?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin da ka tambaya tun kuɗinka suna aljihu, domin yawancin masu nemana sai kifi ya fara kwantawa a gefe suke kira. Shawarata ita ce kada ka bari wannan kwalin ya taso. Ka raba sayayyar gida uku, ka soke kifi biyu daga ciki, ka jinkirta ƙumbar, kuma duk abin da ya iso kada ya taɓa ruwan babban tankinka sai ya yi makonni a wani wuri dabam. Bari in faɗi dalili.

Fara da hanya. Daga Legas zuwa Katsina ya haura kilomita 1,000, kuma kai ma ka san yadda tafiyar take: a tsaya nan, a kwana can, mota ta lalace a wani wurin. Kifin da aka ɗaure a leda da safe yana iya kai gobe da yamma bai ga haske ba. Waɗannan halittu sun fito ne daga ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 24 da 28, ba ya tsalle sama ko ƙasa a rana guda. Mu kuwa a Afrilu ma'auni yana haura 40 a inuwa, balle cikin but ɗin mota da rana tsaka. Ruwa idan ya yi zafi iskar oksijin ɗin cikinsa raguwa take, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta, kuma dama ruwan gishiri ba ya riƙe oksijin kamar ruwan daɗi. Don haka bazara ba lokacin safarar kifin teku ba ce a ƙasarmu. Ka jira damina ta zauna, wajen Yuli ko Agusta, ko kuma Nuwamba kafin sanyin hunturu ya kankama. Idan da hali a ɗora kayan a jirgi zuwa Kano, ka je da kanka ka karɓa, ka sa kwalin a kujerar mota da sanyin iyakwandishan, ka yi tafiyar kilomita 170 ɗin nan kai tsaye ba tare da ka tsaya cefane ba. Kuɗin jirgin bai kai kuɗin kifi guda da zai mutu ba.

Sai zaɓin kifayen. Shuɗin tan ɗin da ka gani a hoto, wanda masana ke kira Paracanthurus hepatus, ɗan yaro ne yanzu, amma yana girma ya kusa santimita 30, kuma kifi ne mai son gudu. Tankin da zai ishe shi sai ya kusa mita biyu a tsawo. A lita 300 zai takura, takurar kuma ita ke karya masa garkuwar jiki, ga shi dama cikin kifayen teku kaɗan ne suka kai shi saurin kama cutar farin ɗigo. Jan enjel ɗin kuwa, Centropyge loriculus, girmansa ya dace da tankinka, matsalarsa baki ne. A teku yini yake yana tsattsagar duwatsu, a tanki kuma sau da yawa yakan koma kan naman ƙumba da murjani. Ba kowanne ke yi ba, gaskiya ne, na ga waɗanda suka shekara ba su taɓa komai ba. Amma wanda ya fara ba ya bari, kuma kamo shi daga cikin duwatsu sai ka kwashe rabin tankin. Tun da ƙumba kake so, ka haƙura da shi. Haka ma kifin malam-buɗe-littafi da dangin talibamban na teku, duk maƙiyan ƙumba ne.

Idan kana son launi ba tare da tashin hankali ba, akwai ɗan girama mai rabi shunayya rabi rawaya daga tekun Karebiyan, akwai kadinal na tsibiran Banggai a Indonesiya, wanda namijinsa ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe kamar yadda wasu irin karfasa ke yi a wajenmu, akwai kuma ƙananan gobi. Ka nemi waɗanda aka haifa a gona, ba kamun teku ba, sun fi saba da abincin gwangwani kuma sun fi zuwa da lafiya. Kuma biyu sun isa a zuwa ɗaya. Bakteriyar da ke cikin duwatsunka, masu mai da amoniyar kashin kifi zuwa naitirait sannan zuwa naitiret, yawansu daidai yake da abincin da suke samu. Yanzu na kifi biyu ne kawai gare ka. Ka ƙara huɗu a dare ɗaya, ka ninka musu aiki uku, kafin su yawaita amoniya ta riga ta yi ɓarna.

Yanzu ga inda nake son ka ba ni hankalinka sosai, wato killacewa. Duk wanda ya taɓa sayo rago a kasuwar Mai'adua ya san ba a kawo shi a cusa cikin garke ranar, sai an ɗaure shi gefe an ga yadda yake ci da yadda yake kashi. Masu kaji ma haka suke yi. Kifin teku ya fi su buƙatar wannan, saboda kafin ya zo hannunka ya bi ta tankunan dillalai uku ko huɗu, a ƙasashe daban-daban, yana shan ruwa ɗaya da ɗaruruwan kifaye.

Cututtukan da muke tsoro uku ne. Akwai farin ɗigo, da ƙwayar Cryptocaryon irritans ke kawowa: za ka ga jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da dutse. Yadda take rayuwa shi ke yaudarar mutane. Ƙwayar takan yi kwana uku zuwa bakwai a jikin kifi tana ci, sai ta faɗo ƙasa ta manne a dutse ko yashi ta rufe kanta da ɓawo, a ciki ta rarrabu ta zama ɗaruruwa. Kai kuma ka ga ɗigon ya ɓace, ka ce Alhamdu lillahi ya warke. Bayan 'yan kwanaki ko makonni ɓawon ya fashe, 'ya'yan su fito neman kifi, abin ya dawo ninki. An taɓa ganin wadda ta kai kwana 72 a rufe kafin ta fashe, shi ya sa idan cutar ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifayen duka an bar shi babu kifi har kwana 76. Ta biyu ta fi wannan sharri, ita ce ta Amyloodinium ocellatum. Ita ba ta tsayawa yin ado a jiki, wurin numfashi take fara kamawa. Za ka ga kifi yana haki, yana tsayawa a gaban injin motsa ruwa, yana gudun haske, jikinsa kamar ƙurar hunturu ta sauka a kai. Ta uku ita ce Brooklynella, wadda ta fi kama kilaun irin naka, tana sa jikinsu yauƙi fari kamar fata na saɓulewa.

Ta biyun ce ta koya mini darasi da hannuna. Shekarun baya na sayi ɗan kifi guda daga wani mai shago, ya ce mini ya yi wata a wurinsa yana ci lafiya. Na dube shi, ban ga komai ba, na zuba. Ranar Talata ce. Kafin Asabar na kwashe gawa bakwai, har da kilaun ɗin da na rena shekara huɗu, waɗanda suka fara yi mini ƙwai a gefen dutse. Har yau idan na tuna yadda macen ta kwanta tana haki ban iya yi mata komai ba, raina yana ɓaci. Wake ɗaya ne ya ɓata garin, kuma ni ne na jefa shi ciki.

Abin da ya sa ba a iya magani a babban tanki shi ne, maganin da ke kashe waɗannan ƙwayoyin biyu na farko sinadarin jan ƙarfe ne, shi kuwa yana kashe murjani da ƙumba da jatan lande da dodon koɗi, kuma duwatsu suna tsotse shi su riƙa sakinsa a hankali bayan an daɗe. Don haka ka tanadi ƙaramin tanki na lita 60 zuwa 80. Babu yashi, babu dutse, sai guntayen bututun roba na masu aikin famfo don kifi ya sami maɓoya, da matacin soso, da murfi. Shi soson ka jefa shi cikin ruwan babban tankinka tun yanzu, ya yi wata guda yana tara bakteriya, ranar da kifi zai iso sai ka ɗauko shi. Bokitinsa dabam, ragarsa dabam, tiyonsa dabam, kuma ka ajiye shi a wani ɗaki ko aƙalla mita uku daga babban, domin feshin ruwa yana ɗaukar ƙwayar. Kwanakin farko ka bar kifin ya huta ya fara ci. Daga nan masu kiwo sun kasu biyu: wasu suna sa ido kawai na mako huɗu zuwa shida, su ba da magani idan sun ga alama, wasu suna ba da jan ƙarfe kwana 30 ko da ba su ga komai ba, sannan firazikwantel don tsutsotsin fata. Ni ina tare da na biyun, saboda farin ɗigo yana iya ɓuya a wurin numfashi inda ido ba ya kaiwa. Sai dai sharaɗi ɗaya: kada ka zuba jan ƙarfe in ba ka da abin auna shi. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe cuta da wanda ke kashe kifi ƙanƙanuwa ce. Irin maganin jan ƙarfen da ake sayarwa da sunan Cupramine, misali, miligiram 0.5 a kowace lita ake nema, a kai can a hankali cikin kwanaki, ba a zubi ɗaya ba. Kuma kada ka haɗa shi da magungunan da ake ɗigawa don ɗaure amoniya, haɗuwarsu tana mai da shi guba. Idan amoniya ta hau, canjin ruwa ne maganinta.

Ranar da kwali ya iso, a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Sun ga bidiyon Turawa suna juye kifi a bokiti, suna ɗiga masa ruwan tanki ta siririn tiyo har awa biyu. Wannan daidai ne ga wanda shagonsa ke bayan gida, kifi ya yi minti 30 a leda. Ga kifin da ya kwana a hanya kuwa, hakan kisa ne. Ga yadda abin yake. A cikin rufaffiyar leda kifi yana fitar da amoniya, yana kuma fitar da iskar kabon. Iskar kabon ɗin tana sa ruwan ya ɗan yi tsami, wato ma'aunin pH ya sauka, shi kuma tsamin yana riƙe amoniyar a siffar da ba ta cutarwa sosai. Ka ga ashe wata rahama ce a cikin ledar. Da ka buɗe baki iska ta shiga, kabon ya fice, ka kuma ɗiga ruwan tanki mai pH sama da 8, sai duk amoniyar da ta taru ta koma mai guba tana ƙona masa wurin numfashi, kai kuwa kana tsaye kana ƙirga ɗigo. Kifi ya shiga tanki da ransa, kwana biyu ya mutu, a ce ai hanya ce.

Abin da za ka yi shi ne, tun kafin a ɗaure kaya ka tambayi mai sayarwa ƙarfin gishirin ruwansa. Da yawansu suna ajiye kifi a 1.018 zuwa 1.021 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri don rage tsadar gishiri, alhali tankin murjani yana kan 1.025 ko 1.026. Ka haɗa ruwan killacewa daidai da nasa. Kwali ya iso, ka rage hasken ɗaki, ka ɗora ledojin a kan ruwa a rufe minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Ka huda ɗaya ka ɗebi ɗigo ka auna da rifraktomita, wato na'urar auna gishirin ruwa, don tabbatar da maganar mutumin, ka gyara naka ruwan idan akwai bambanci, sannan ka buɗe ka ciro kifin da ƙaramin kwanon roba mai huji ka sa shi ciki nan take. Ruwan leda a zubar a makwarara, ko cokali ɗaya kada ya shiga. Kifi yana jure saukar gishiri, hawansa da sauri ne ke wahalar da shi, don haka a makonnin killacewa ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, kada ya wuce 0.002 a rana, har ya cim ma na babban tanki.

Idan wa'adi ya cika, ka ciyar da tsofaffin, ka kashe fitila, sannan ka saki baƙon. Kilaun suna da son gida, musamman macen, wadda ita ce babba a cikin biyun. In ka ga tana kora, ka sa baƙon a ɗan akwatin roba mai huji cikin tankin kwana biyu ko uku su saba da ganin juna. Ka rufe sama da raga, sabon kifi da ya firgita tsalle yake yi.

To, ƙumba. Wadda ake magana ba irin wadda yara ke tsinta a bakin gulbi ba ce, ko da yake dangi ne. Sunan gidansu Tridacna, kuma ba a samunsu a tekun Legas, sai a tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Duk alhajin da ya tsaya bakin ruwa a Jidda ya kalli tekun da maksima ke rayuwa a cikinsa. Babbarsu, Tridacna gigas, tana wuce mita ɗaya, nauyinta ya haura kilo 200, kuma an kwashe ta daga teku har ta kai a 2024 aka sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Tun 1985 duk danginsu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kula da cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, wadda Najeriya ma tana ciki, ma'ana ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda. Ka tambayi mai sayarwa daga ina tasa ta fito. Akwai gonakin da ke haihuwarsu a tsibirai irin su Palau da Marshal, kuma 'yar gona ta fi kamun teku jure zaman tanki.

Abin da ya kamata ka gane game da ita shi ne manomiya ce, gonarta a jikinta take. Wannan nama mai launi da take shimfiɗawa a kan bakin ɓawonta kamar mayafi, cike yake da ƙananan tsirrai dangin gansakuka da ido ba ya gani. Su suke amfani da haske su haɗa sukari, ita kuma ta ci daga ciki ta ba su masauki. Haske shi ne tuwonta. Fitilar da ta ishi murjaninka masu taushi ba lalle ta ishi maksima ba, domin ita da ƙanwarta kuroshiya a ruwa marar zurfi suke zama, inda rana ke dukansu kai tsaye. Kuma abin tausayi shi ne yunwarta ba ta nunawa. Za ta yi wata uku ko huɗu tana buɗewa da kyau, tana cin kitsen jikinta, kai kana murna, rana ɗaya ka tashi ka tarar ta saki baki. Alamar da ba ta ƙarya guda ce: ka ɗan sa ta ja mayafin, ka dubi gefen ɓawon daga sama. Idan akwai sabon farin layi tas kamar haƙori, tana girma. Idan wata biyu suka wuce babu shi, tana mutuwa ne a hankali.

Wannan ɓawon kuma daga ruwanka take gina shi. Kalsiyam ya zauna tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, magniziyam wajen 1,300, alkaliniti kuma, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, tsakanin 7 da 9 a ma'auninsa na dKH. Naitiret kada ya zama sifili, miligiram 2 zuwa 10 a kowace lita ya yi, domin tsirran jikinta suna buƙatarsa kamar yadda gero ke buƙatar taki. Amma lambar ba ta kai zamanta wuri ɗaya muhimmanci ba. Tanki ɗan wata huɗu har yanzu rawa yake, kai ma ba ka gama sanin nawa yake sha a mako ba. Shi ya sa nake cewa ka bari ya kai shekara, ko aƙalla ya wuce wata shida kana auna alkaliniti sau biyu a mako kana rubutawa, kuma ka ga bazara guda ta wuce ruwanka bai haura digiri 28 ba. Sannan ta farko kada ta zama maksima. Ka fara da derasa, mai ratsin ruwan zuma da shuɗin gefe. Ta fi haƙuri, ba ta neman haske kamar waccan, tana zama a kan yashi. Aibinta girma, tana iya kai santimita 60 in ta daɗe, don haka wata rana sai ka nema mata gida mafi faɗi. Kowacce ka zaɓa, kada ta gaza santimita 7 ko 8. 'Yan ƙananan sun fi araha, sun kuma fi mutuwa.

Tun da ba za ka je Legas ka gani da ido ba, ka sa a yi maka bidiyo kai tsaye. Ya gitta hannunsa tsakanin fitila da ita: lafiyayya tana zabura ta ja jiki, domin tana da ɗaruruwan ƙananan idanu a gefen mayafin masu gane inuwa, sannan ta sake buɗewa. Ka duba mayafin ya zubo a kan gefen ɓawo, babu wurin da ya koɗe ya yi fari ko ya tsuke. Tana da ƙofofi biyu, ɗaya doguwa da ruwa ke shiga, ɗaya kamar bakin buta da yake fita. Idan doguwar ta wangame har kana hango ciki, ka bar masa kayarsa. Ka sa ya nuna maka ƙasanta. A nan akwai wani huji da take fito da zare tana ɗaure kanta a dutse. Idan an fizge ta da ƙarfi an yaga naman wurin, da wuya ta rayu. Kai ma duk ranar da za ka matsar da ita, kada ka ja. Ka ɗauke ta da dutsenta, ko ka yanke zaren da reza can kusa da dutsen.

In ta iso, ita dama a cikakken gishiri ake ajiye ta, don haka bayan daidaita zafi ka auna ruwan ledar, ka ɗiga mata naka na kamar rabin awa idan akwai bambanci. Kada ka tsoma ta a ruwan maganin da ake wanke murjani. Ka ɗauki tsohon buroshin haƙori ka goge ɓawon, musamman ƙasa da cikin lunguna, kana neman wasu fararen dodon koɗi masu girman ƙwayar shinkafa da ƙwansu mai kama da majina. Waɗannan da dare suke hawa su tsotse ta, kuma suna hayayyafa da sauri. Idan ka sa ta a ruwa ka jujjuya ta a hankali iskar da ta maƙale a ciki ta fita. Ita kanta ba ta kamuwa da farin ɗigo, amma ƙwayar tana iya mannewa a ɓawonta idan ta fito daga ruwan da akwai kifi, don haka wanda ke son cikakkiyar kariya zai ajiye ta a tankin da babu kifi, mai fitila mai ƙarfi, na waɗancan kwanaki 76, kuma ba wanda aka taɓa zuba wa jan ƙarfe ba. Wajen zaunarwa, ka sa mata ɗan faffaɗan dutse a ƙarƙashi ta kama shi, sai ya zama kana iya ɗaga ta sama mataki-mataki cikin mako biyu tana sabawa da hasken. Ruwa ya riƙa kaɗa mayafin kaɗan, ba ya naɗe shi ba. Idan kullum da safe ka tarar ta tuntsure, wurin ne bai yi mata ba, ka canza.

Akwai kuma abubuwan da babu Baturen da zai gaya maka, domin ba a Katsina yake ba. Fanka da ke busa saman ruwa tana sanyaya tanki sosai a busasshiyar iskarmu, dabarar randa ce. Amma ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. A ce lita 6 ke tafiya a rana daga lita 300 ɗinka; kwana uku ba ka cika ba, gishirin ya tashi daga kashi 35 cikin dubu, wato 1.026 ɗin nan, zuwa sama da 37, ƙumba kuwa ba ta son haka. Kullum ka cika da ruwan daɗi da ya bi ta na'urar tacewa ta RO, ba ruwan gishiri ba, ba na rijiyar burtsatse kai tsaye ba, kuma kada ya bi ta kan famfon tagulla. Maganin sauro na feshi da na hayaƙi guba ne ga kifi da jatan lande ko da kaɗan ne, don haka ka yi wa iyali bayani, a daina fesawa a ɗakin, turaren wuta ma a kai shi wani ɗaki. Ka wanke hannu da ruwa zalla kafin ka tsoma, ba da mai ko turare a jiki ba. Idan an ɗauke wuta, fitila tana iya jira kwana guda, motsin ruwa ne ba ya jira: a daren bazara awa kaɗan sun isa oksijin ya ƙare. Ka ɗora injin motsa ruwa ɗaya a kan batirin sola shi kaɗai, ka ajiye ɗan injin iska mai batir a kusa, da gorunan ruwa biyu ko uku a firiza da za ka jefa a rufe idan zafi ya haura.

Ka kira mutuminka ka ce ya sayar da tan da enjel ga wani, ya ajiye maka maganar ƙananan biyun zuwa Yuli. Yau ɗin nan ka jefa soso a ruwa, ka sayi littafin makaranta ka fara rubuta zafi safe da yamma, da gishiri, da alkaliniti. Idan damina ta faɗi ka turo mini shafukan Afrilu da Mayu, da sunan fitilarka da nisanta daga yashi, sai mu duba ko derasa za ta iya zama a gidanka bana ko sai baɗi in Allah ya kai mu.